Ikon Alƙali a Kan Doka, da Hurumin Gidan Talaka

Duk ƙasar da ta zauna ta rubuta wa kanta tsarin mulki, ta ce ga iyakar shugaba, ga iyakar majalisa, ga kuma haƙƙoƙin talaka waɗanda babu mai taɓa su, lalle akwai wata mas'ala da ke jiranta ko ba daɗe ko ba jima. Ranar da majalisa ta kafa dokar da ta ƙetare iyakar nan, shugaba ya sa mata hannu, 'yan sanda kuma suka fita zartar da ita, wane ne zai tsaya ya ce wannan doka ɓatacciya ce, kuma da wane ƙarfi zai faɗi haka har a saurare shi? Amsar da ƙasashe masu yawa suka runguma a yau, har da Nijeriya, ita ce alƙali. Amma wanda yake son ya fahimci yadda alƙali ya sami wannan matsayi, da amfaninsa, da kuma aibinsa, tilas ya duba tarihin Amurka, domin a can ne abin ya kafu ya yi jijiya, daga can ne kuma muka aro shi.

Mutanen da suka taru a birnin Philadelphia a shekarar 1787 don tsara wa Amurka mulki, mutane ne da suka ɗanɗani ikon Sarkin Ingila har suka yi masa tawaye, saboda haka babban tsoronsu shi ne kada iko ya sake taruwa a hannu guda, ko da hannun zaɓaɓɓe ne. Sun karanta littafin malamin nan na Faransa, Montesquieu, wanda ya fito a 1748, sun kuma gamsu da hujjarsa a kan raba iko gida uku. Ba su tsaya ga rabon kaɗai ba, sai da suka ba kowane ɓangare abin da zai riƙe ɗan'uwansa da shi: majalisa ke kafa doka, amma shugaba yana iya ƙin sa hannu, ita kuma tana iya rinjayarsa idan kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka dage, shugaba ke zaɓen alƙalai, amma ba su hawa kujera sai Majalisar Dattawa ta amince, shugaba ne babban kwamandan askarawa, amma majalisa ke shelar yaƙi, ita ce kuma ke riƙe da makullin baitulmali, alƙali kuwa, da zarar ya hau, ba mai rage masa albashi, ba kuma mai sauke shi face ta hanyar tsigewa a majalisa. Abu ɗaya ne ba su rubuta ɓaro-ɓaro ba, shi ne ko kotu tana da ikon soke dokar majalisa.

Abin da ya warware wannan shubuha ƙaramar rigima ce a kan takardar naɗi. A zaɓen 1800 Shugaba John Adams ya sha kaye a hannun Thomas Jefferson, kuma jam'iyyar Adams, da ta ga fadar shugaba ta kuɓuce mata, majalisa ma ta kuɓuce, sai ta himmatu ga cika kujerun shari'a da mutanenta kafin wa'adi ya cika. Daga cikin waɗanda aka naɗa akwai ƙananan alƙalai 42 na gundumar babban birni, waɗanda aka sa hannu a takardunsu, aka buga hatimi, amma lokaci ya ƙure kafin a isar wa wasu da nasu. Wanda isarwar ta rataya a wuyansa kuwa shi ne sakataren harkokin waje, John Marshall, wanda a lokacin an riga an naɗa shi Alƙalin Alƙalai, yana riƙe da muƙaman biyu a tare. Sa'ad da Jefferson ya hau mulki a ranar 4 ga Maris, 1801, sai ya hana a miƙa sauran takardun, shi kuwa ɗaya daga cikin masu su, William Marbury, ya tafi kai tsaye Kotun Ƙoli yana roƙon ta tilasta wa sabon sakatare, James Madison, ya ba shi tasa.

Marshall ya shiga halin gaba kura baya sayaki. In ya ba da umurni a miƙa takarda, Jefferson zai yi biris da shi, duniya ta ga kotu ba ta da ƙarfin komai. In kuwa ya ce Marbury ba shi da haƙƙi, za a ce tsoro ne ya kama shi. A hukuncin da ya karanta ranar 24 ga Fabrairu, 1803, sai ya fara da tabbatar da cewa Marbury yana da gaskiya, naɗinsa ya ƙullu tun da aka buga hatimi, kuma hana shi takardar saɓa wa doka ne. Sa'an nan ya juya ya ce duk da haka Kotun Ƙoli ba ta da hurumin ba da umurnin, domin dokar majalisa ta 1789 wadda Marbury ya dogara da ita wajen zuwa kotun kai tsaye, ta ƙara wa kotun hurumin da tsarin mulki bai ba ta ba, kuma duk dokar da ta ci karo da tsarin mulki babu ita. Marbury bai taɓa zama alƙalin ba. Jefferson ya ci shari'a, don haka babu umurnin da zai bijire wa. Kotu kuwa, da bakin da ta ƙi karɓar ƙaramin iko, da shi ta tabbatar wa kanta mafi girmansa.

Hujjar Marshall ba mai wuyar ganewa ba ce. Idan majalisa tana iya sauya tsarin mulki da doka irin ta yau da kullum, to rubuta shi aikin banza ne. Idan kuwa ba ta iyawa, to alƙalin da dokoki biyu suka yi karo a gabansa, wajibi ne ya bi babba ya ajiye ƙarama, tun da a kan babbar ya yi rantsuwa. Wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun fiƙihu ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin malaman Malikiyya, irin su Imamu Ƙarafi, sun bayyana cewa ko da yake ijtihadi ba ya warware ijtihadi ɗan'uwansa, ana warware hukuncin alƙali idan ya saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. Bambancin, wanda bai kamata a manta da shi ba, shi ne tsarin mulki aikin 'yan Adam ne, yana karɓar gyara, kuma masu yi masa tawili mutane tara ne waɗanda babu wanda ya zaɓe su a akwati.

A nan aibin yake, kuma Amurkawa sun gan shi tun da wuri. Bayan hukuncin 1803, kotun ba ta sake soke wata dokar majalisar tarayya ba sai a 1857, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, inda ta yanke cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a sababbin yankuna. Wannan zalunci da aka yi da sunan tsarin mulki ya ƙara hura wutar da ta kai ga yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, kuma ba a kankare shi ba sai da gyare-gyaren tsarin mulki na bayan yaƙin, musamman na goma sha huɗu a 1868. Ashe mai riƙe mizani shi ma yana bukatar mai riƙe shi. Ana riƙe shi da gyaran tsarin mulki, da naɗa sababbin alƙalai idan tsofaffi suka kau, amma ba ta kowace hanya ba: a 1937, da Shugaba Franklin Roosevelt ya gaji da yadda kotu ke soke dokokinsa na farfaɗo da tattalin arziki, ya nemi a ba shi damar ƙara yawan alƙalai har zuwa 15, sai Majalisar Dattawa, wadda 'yan jam'iyyarsa suka cika, ta ƙi.

Akwai kuma wani rauni wanda ya fi wannan tsanani, shi ne alƙali ba shi da soja ba shi da taska, hukuncinsa takarda ce har sai mai mulki ya yarda ya zartar. A 1832 kotun ta yanke cewa dokokin jihar Georgia ba su da aiki a ƙasar ƙabilar Cherokee, jihar ta yi kunnen uwar shegu, Shugaba Andrew Jackson bai motsa ba, kuma a 1838 aka kwashe mutanen nan da ƙarfin bindiga zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. Amma a 1957, sa'ad da gwamnan Arkansas ya sa dakaru suka tare ƙofar makaranta a garin Little Rock don hana yara baƙar fata tara shiga, alhali kotu ta haramta wariya a makarantun gwamnati tun 1954, Shugaba Eisenhower ya aika da sojojin tarayya suka raka yaran har aji. A 1974 kuma alƙalai takwas, uku daga cikinsu Shugaba Nixon ne ya naɗa su, suka haɗu a kan cewa tilas ya miƙa faya-fayan maganganun da aka naɗa a ofishinsa. Ya miƙa, ya kuma sauka daga mulki ranar 9 ga Agusta. Kotu ɗaya ce a dukan waɗannan, abin da ya bambanta shi ne halin wanda ke kan karaga da halin jama'ar da ke kallonsa.

Babu fagen da aka gwada wannan iko aka kuma yi jayayya a kansa kamar fagen sirri. Mu dai a nan ba sai an koya mana darajarsa ba: baƙo yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, ya jira a amsa, kuma ko an amsa ba ya wuce zauren sai an yi masa iso, Suratun Nur ta shimfiɗa ladabin neman izini, Suratul Hujurat kuma ta haramta tajassusi. Turawan Ingila sun iso ga irin wannan ta hanyar shari'a, domin a 1765 wata kotu ta ci tarar manzannin sarki waɗanda suka fasa gidan wani marubuci, John Entick, suka kwashe takardunsa bisa umurnin wani waziri, ta ce babu dokar da ta ba wazirin wannan iko. Daga irin wannan ne Amurkawa suka ɗebo gyara na huɗu na tsarin mulkinsu a 1791, wanda ya hana bincike da kame marasa dalili a jikin mutum da gidansa da takardunsa da kayansa, ya kuma shar'anta cewa ba a ba da takardar izinin bincike sai da ƙwaƙƙwaran dalili da rantsuwa, tare da ambaton wurin da za a bincika da abin da ake nema.

To, ina hukuncin maganar da mutum ya yi ta wayar tarho, wadda ba gida ba ce ba takarda ba? A 1928 aka kawo shari'ar Roy Olmstead, babban ɗan fasa-ƙwaurin giya a birnin Seattle a zamanin da aka haramta ta, wanda jami'ai suka yi watanni suna sauraron wayarsa ta hanyar jona igiya a titi da ƙarƙashin ginin ofishinsa, ba tare da sun taka gidansa ba. Alƙalai biyar suka ce tun da ba a shiga ba, ba a kuma ɗauki komai ba, babu bincike. Alƙali Louis Brandeis ya saɓa musu, ya yi gargaɗin cewa ilimi zai kai matsayin da hukuma za ta san abin da ke cikin akwatin mutum ba tare da ta buɗe shi ba, kuma duk tawilin da ya tsaya ga bango da ƙofa zai bar talaka tsirara. Sai bayan shekara 39 aka koma ga ra'ayinsa, a 1967, a shari'ar wani ɗan caca, Charles Katz, wanda aka liƙa wa na'urar saurare a bayan rumfar tarhon haya a Los Angeles. Kotu ta ce kariyar tana bin mutumin ne, kuma wanda ya shiga rumfa ya ja ƙofa ya biya kuɗinsa, ya cancanci a bar masa maganarsa. A kan wannan tushe aka ɗora hukuncin 2014 wanda ya wajabta izinin alƙali kafin a bincika wayar salular wanda aka kama, da na 2018 wanda ya shafi wani da ake tuhuma da fashi, inda jami'ai suka karɓo daga kamfanonin waya bayanin wuraren da ya je na kwana 127 ba tare da cikakken izinin bincike ba. Mai karatu ya lura cewa waɗanda aka kafa waɗannan ƙa'idoji a kansu, mai giya ne da ɗan caca da wanda ake tuhuma da fashi. Haka abin yake a ko'ina, domin ba a cika kai salihi gaban alƙali ba, amma iyakar da aka shata wa hukuma a kan mai laifi, ita ce salihi ke kwana a bayanta.

Akwai wani reshe na biyu na haƙƙin sirri wanda ƙafarsa ba ta yi ƙarfi kamar ta farko ba. A 1965 kotun ta soke wata tsohuwar dokar jihar Connecticut ta 1879 wadda ta haramta amfani da maganin hana ɗaukar ciki ko ga ma'aurata. Tun da babu sashen da ya ambaci haƙƙin sirri da sunansa, sai Alƙali William Douglas ya tattaro shi daga inuwar sassa dabam-dabam, ya kuma nuna munin a ce 'yan sanda su shiga ɗakin ma'aurata neman shaida. Alƙalai biyu suka ƙi, ɗayansu Hugo Black, wanda ya ce dokar ba ta burge shi ba ko kaɗan, amma rashin burge alƙali ba hujja ba ce ta soke doka. A 1973 aka faɗaɗa wannan haƙƙi har ya haɗa da zubar da ciki, ƙasa ta rabu biyu kusan shekara hamsin, kowace jam'iyya ta mai da naɗin alƙalai abin yaƙin zaɓe, har a ranar 24 ga Yuni, 2022, alƙalai biyar cikin tara suka warware hukuncin 1973 suka mayar da mas'alar hannun majalisun jihohi. Ba hukuncin zubar da ciki nake tattaunawa a nan ba, wannan malamai sun yi bayaninsa. Abin da nake son a gani shi ne haƙƙin da ya jingina ga nassi bayyananne ya daɗe yana ƙara ƙarfi, wanda kuwa aka gina a kan tawili mai nisa, ba tare da an gamsar da jama'a ba, ya faɗi da zarar kujeru sun sauya masu su. A ganina Black ya fi kusa da daidai a kan usuli, ko da yake Douglas ya yi gaskiya a kan hurumin ɗakin aure.

Nijeriya ta aro tsarin Amurka a 1979, sa'ad da ta bar salon Ingila ta koma mulkin shugaban ƙasa, kuma abin da Amurkawa suka bari ga ijtihadi, mu an rubuta mana shi. Sashe na 1 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk dokar da ta saɓa masa ɓatacciya ce gwargwadon saɓanin, sashe na 37 kuwa ya lamunce sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na tarho. Mun kuma ga yadda abin yake idan an bi da idan an ƙi. A 1970, da Kotun Ƙoli ta soke ƙwace dukiyar wani mai suna Lakanmi, gwamnatin soja ta Gowon ta fitar da doka mai lamba 28 ta shafe hukuncin. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno, daga Maiduguri suka tsallakar da shi Chadi da da'awar ba ɗan ƙasa ba ne; babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da zamansa ɗan Nijeriya, ta soke korar, ya dawo gida. Daga baya kuma, a lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutane ke wuni a layin banki ba su sami na cefane ba, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris, 2023, cewa tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki, amma sai da aka yi kwana goma kafin Babban Banki ya sanar da biyayya. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga mafi munin wannan a 2009: kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta haramta wa Shugaba Tandja Mamadou ƙuri'ar raba gardama ta tazarce, shi kuwa ya rushe kotun ranar 29 ga Yuni ya gudanar da ƙuri'arsa, kuma a ranar 18 ga Fabrairu, 2010, sojoji suka kifar da shi.

Sashe na 37 dai ba shi kaɗai yake tafiya ba, domin sashe na 45 ya halatta a taƙaita shi da doka saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, matuƙar taƙaitawar abin karɓa ce a ƙasar dimokuraɗiyya. Babu mai hankalin da zai ce kada a bi sawun wayar mai garkuwa da mutane. Amma wanda zai auna ko maslahar ta gaskiya ce ko kuwa fakewa ce, bai kamata ya zama shi ne mai binciken ba, kuma wannan awo aikin alƙali ne. A yau da aka haɗa layin kowa da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, ana tare matashi a shingen hanya a ce ya buɗe wayarsa, a shiga hotunansa da saƙonnin iyalinsa, alhali hukumar 'yan sanda da kanta ta sha hana wannan. Wasu masu ba da bashi ta waya kuma suna kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci. An kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta yin ƙarfi sai an gwada ta a gaban alƙali, alƙali kuwa ba ya fita neman ƙara, sai an kawo masa.

Saboda haka ina kira ga lauyoyinmu da ƙungiyoyinsu da su ɗauki irin waɗannan ƙananan ƙararraki da muhimmanci kamar yadda suke ɗaukar ƙarar zaɓe, ina kuma kira ga masu mulki da su zartar da hukuncin da ya ɓata musu rai da irin gaggawar da suke zartar da wanda ya yi musu daɗi. Kai kuma mai karatu, ka sani cewa sashe na 46 ya ba duk wanda aka tauye wa ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi, ko ake shirin tauye masa, damar kai ƙara babbar kotun da ke jihar da abin ya faru, ya kuma ɗora wa Majalisar Tarayya nauyin tanadar taimakon kuɗin lauya ga wanda ba shi da hali.